Sallama Uku a Ɗakin Kwamfuta

A shekarar 1994 ne, wata bakwai da zuwana Greensboro ta Amurka, mijina Malam Muntari ya sa wa kwamfutarsa ƙararrawa. Kafin nan ba ni da wata rigima da ita. Tana zaune a ƙaramin ɗakin da ya kamata a ce na baƙi ne, a kunne dare da rana, da layin tarho nata na kanta, ba ta ce wa kowa komai. Mutane su kira ta daga kwamfutocinsu ta waya, su karanta labaran gida da Malam yake kwafowa daga jami'a, su bar wa juna saƙo, su kashe. Turawa na kiran irin wannan abu BBS. Malam ya raɗa wa nasa suna Zaure, shi kuma ya zama sysop, wato mai kula da wurin. Yadda yake faɗin kalmar nan kai ka ce sarauta aka naɗa masa.

Wata Asabar ya dawo da ɗan faifai a aljihun riga, yana ta murmushi tun daga bakin ƙofa. Ya shige ɗakin, bai fito ba sai da tuwo ya huce. Can sai na ji wata ƙara mai shiga kunne, tiit-tiit-tiit, na fito a guje na ɗauka wani abu ne ya kama da wuta.

"Page door ce," in ji shi. "In caller, wato mai kira, yana son magana da ni kai tsaye, sai ya danna harafi ɗaya. Za ta tambaye shi reason, ya rubuta, sai ta yi ƙara a nan. In ina kusa na danna wannan maɓalli, allo ya rabu biyu, mu yi hira."

"In ba ka kusa fa, Malam?"

"Sai ta rubuta sunansa a log, wato rajista, in na dawo in gani."

"Ni da nake kusa kullum fa?"

"Ke ba ruwanki da ita, Hafsatu. Kar ki taɓa mini komai a nan."

Duk abin da ke jerin zaɓin Zaure da Turanci yake, amma wannan sabon layi sai ya ga dama ya rubuta shi da Hausa: Yi wa mai gida sallama. Ya karanta mini har sau biyu, yana jiran in yaba. Na ce masa ya yi kyau, ya zo ya ci abinci.

Makon farko abokansa suka mai da abin wasa. Wannan ya buga don ya tambayi wa ya ci ƙwallo, wancan ya buga don ya ji ko da gaske tana ƙara. Da suka gaji suka daina. Mutum ɗaya ne bai daina ba. Kullum ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin Malam yana can ɗakin bincike na jami'a ni kuma ina gida ni kaɗai, sai ƙararrawa ta kaɗa rabin minti ta yi shiru. A jima kaɗan ta sake. A jima ta yi na uku. Daga nan ba a sake jin ta sai gobe.

Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf, wannan ko Innata ta sallama. Malam ya ce kar in taɓa, bai ce kar in kalla ba. Rana ta huɗu na bar wanke-wanke na je na tsaya a bayan kujerarsa, hannuwana a baya don kar shaiɗan ya rinjaye ni. Ashe duk abin da mai kira yake yi ana ganinsa a allonmu. Sunan da ke sama Amadou ne. Ga tambayar Turanci tana neman dalili, ga haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali ƙwarai, irin na wanda sai ya nemi kowane harafi kafin ya same shi. Salamu alaikum. Ƙararrawa ta yi ta ƙare. Ya jira. Ya sake rubuta Salamu alaikum. A na uku ya ƙara kalma biyu: Salamu alaikum, masu gida. Da ba a amsa ba sai ya kashe. Bai buɗe labarai ba, bai bar wa kowa saƙo ba.

Na tsaya ina kallon allon da ya koma baƙi. Wannan ai ba wasa yake yi ba. Yadda aka koya mana tun muna yara haka yake yi: ka yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ka juya, ba leƙe ba ƙwanƙwasa. Gobe kuma ka dawo.

Daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Ina yanka albasa ƙararrawa ta kaɗa, sai in ji bakina ya ce wa alaikumus salam, ni kaɗai a kicin. Na yi ta saƙa da warwara a kan wannan Amadou. Wata rana in ce ɗalibi ne sabon zuwa da ya rasa masauki. Wata rana in ce dattijo ne mai aiki a ɗaya daga cikin manyan rumbunan kaya na titin Wendover, yana satar lokacin hutu. Har fuska na yi masa, da furfura a gemu. Abin da na kasa ƙirƙirowa shi ne me yake so, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai.

Ran Litinin ta mako na uku na tayar da maganar muna cin abinci.

"Malam, mutumin nan mai sallama, ka amsa masa kuwa?"

"Wa? Amadou? Na bar masa message har sau biyu bai buɗe ba. Na kira lambar da ya bayar, ashe ta wani motel ce, masaukin matafiya a High Point Road, sun ce ba su san shi ba. Ya cika mini log da sallama. Reason aka tambaye shi, ba gaisuwa ba."

"Yaushe ka taɓa ganin mutum ya faɗi abin da ya kawo shi daga bakin ƙofa?"

"Nan ba Funtuwa ba ce, Hafsatu."

"Kai ka rubuta a yi maka sallama. An yi, ka ce an cika maka wuri."

Ya yi dariya, ya ce na iya lauyanci. Sannan ya ce ran Asabar zai yi shara: duk wanda bai tabbatar da lambarsa ba zai goge sunansa, ƙararrawar kuma zai saita ta kar ta yi aiki sai daga bakwai zuwa tara na yamma, lokacin da yake gida. Ya faɗa yana miƙa hannu ga tulun ruwa, ko a jikinsa. Ni kuwa na ƙirga, saura kwana huɗu a rufe wa bawan Allah ƙofa ba a ji me ya kawo shi ba.

Za a ce me ya hana ni amsawa tun tuni. Namiji ne, ban san shi ba, maigidana ba ya nan, kuma an ce kar in taɓa. Ban da haka ina tsoron na'urar. Gani nake in na danna abin da ba shi ba, duk wahalar Malam ta shekara biyu za ta bi iska, in shiga uku.

Ran Laraba ina tsaye a wurina na kullum. Sallama ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. A ta uku sai haruffan suka canza hanya. Ko uwargida na ciki. Suka tsaya a allon kamar ana shawara. Sai na ga suna ɓacewa daga ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, har layin ya koma wayam, aka rubuta sallamar da aka saba. Na dafe ƙirji. Wane Amadou ne zai tambayi uwargida, ya kuma ji kunya ya goge? Na aske wa dattijona gemunsa nan take. Mace ce, kuma ni take nema.

Ran Alhamis tun sha ɗaya saura kwata na zauna a kujerar Malam. Da ƙararrawa ta fara na yi bisimilla na danna maɓallin da ya nuna mini ran farko. Ƙarar ta ɗauke, allo ya rabu biyu. Da yatsa ɗaya na farauto haruffan: Wa alaikumus salam. Uwargida ce.

Rabin allon na sama ya daɗe babu komai. Sannan ya fara motsi.

Alhamdu lillahi. Ina kwana.

Lafiya lau. Ina gajiya.

Babu gajiya. Ina aiki.

Da godiya. Ya gida.

Lahiya lau. Ina mai gida.

Daga wannan lahiya na gane 'yar Nijar ce. Ta ce sunanta Hindou, daga Maraɗi, Amadou mai gidanta ne. Na faɗa mata nawa. Ta tambayi yara, na ce tukuna, ta ce Allah ya kawo masu albarka. Na tambayi nata, ta ce ita ma tukuna, na mayar mata da addu'ar. Muka gaisa a kan sanyi, muka gaisa a kan baƙunta. Kowace jimla sai ta ci mana kusan minti guda, don ni da ita ba wadda ta fi wata sauri. Akwai wata lamba a kusurwar allo tana raguwa, na gan ta sarai, ban san cewa minti sha biyar kacal Malam yake ba wanda bai tabbatar ba a rana. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, yadda ko a gaban surukai ba za a kushe mu ba, sannan ta fara: Dama abin da ya sa nake sallama, jibi ne

Allon ya yi baƙi. Wani rubutun Turanci ya fito yana cewa lokaci ya ƙare.

Na zauna ina kallonsa, haushi kamar in fasa shi. Mako uku ina jiran in ji magana, na samu dama na ɓatar da ita a kan ina gajiya. Jibi ne me? Tafiya? Haihuwa? Aiki a asibiti? Jibin nan kuma ita ce Asabar ɗin Malam. Ban gaya masa ba da ya dawo. Na san zai yi dariya har da riƙe ciki, ni kuma ranar ba na cikin yanayin da za a yi mini dariya.

Na yanke shawarar abin da zan yi, kuma ban ji daɗinsa ba. Na rubuta lambar tarhon gidanmu a takarda, na manna a gefen allo, na haddace inda kowace lamba take. Ran Juma'a da ta yi sallama na amsa, don wannan wajibi ne. Ta fara rubuta Ina kwana, ban bari ta ƙarasa ba. Na jera mata lambar, na ƙara da cewa: Kashe ki kira ni yanzu.

Tunda uwata ta haife ni ban taɓa katse wa mutum gaisuwa ba. Rabin allonta ya tsaya cik. Babu to, babu na gode. Sai layin ya yanke.

Na koma falo na zauna kusa da tarho. Minti biyu, minti biyar. Na ce shi ke nan, ta ɗauke ni mara tarbiyya, ta yi fushi, kuma da gaskiyarta. Na ɗaga kan tarhon in ji ko yana aiki, na yi sauri na mayar don kar ta kira ta ji a ɗauke. Daga baya ta gaya mini layi ɗaya gare su, sai da ta lalubo yadda ake zare wayar daga kwamfuta a mayar wa tarho. Sai da aka yi kusan minti goma sannan ya yi ƙara.

"Salamu alaikum."

Muryar ƙarama ce, ta yarinya, ba za ta wuce shekara ashirin da uku ba. Na amsa, na ce ta yafe mini abin da na yi mata ɗazu. Ta ce babu komai, Anti. Sai muka ɗauko gaisuwa daga farko, wannan karon da baki, kuma na bar ta ta yi tsawonta, tunda babu lambar da ke raguwa. Ta ce a Pleasant Garden suke, wata biyar da tasowarsu daga New York. Mai gidan yana tuƙin kamiyo, wato babbar motar kaya, sai ya yi sati biyu a hanya ya kwana biyu a gida. Ba ta tuƙi, ba ta jin Turanci sai kaɗan, gidan maƙwabta kuma sai ka yi tafiya kafin ka kai. Shi ya ga lambar Zaure a manne a wani kantin nama, ya saita mata kwamfuta don ta riƙa ganin labaran gida. Da ta buɗe ba ta gane komai ba sai layi ɗaya.

"Na ga an ce a yi sallama, Anti. Na ce to, nan akwai mutane."

Bakina yana ƙaiƙayi in ce jibin nan fa, amma na danne. Sau ɗaya ya isa rashin kunya a rana. Na ci gaba da gaisuwa yadda take tafiya.

"Ya labarin gida? Kina jin su? Su Inna suna lafiya?"

Ina jin numfashinta.

"Inna ta rasu, Anti. Gobe kwana arba'in."

Na yi salati. Na ce Allah ya jiƙanta, Allah ya gafarta mata, ya sa ta huta. Na ce ya haƙuri.

"Da godiya," in ji ta. Sai ta sake cewa, "Da godiya." Sannan ta ce, "Ke ce ta fari da ta ce mini haka, in ba mai gidan ba."

Ta ba ni labarin a hankali, ba kuka ba rawar murya. Ta tarho aka gaya musu, bayan an riga an kai ta. Mai gidan ya zauna da ita kwana uku, ya koma hanya don ba yadda zai yi. Ta shimfiɗa tabarma a falo ta zauna, yadda ake zaman makoki, ta yi kwana bakwai babu wanda ya turo ƙofa. Yanzu ga arba'in ta zo. Ta jiƙa shinkafa tun jiya za ta yi masa ta sadaka, mai gidan yana can wajen Texas, ba ta san wa za ta ba ba.

"Me ya sa ba ki rubuta ba, Hindou? Da kin rubuta an yi mini rasuwa, da tuni mun zo."

"Na so in rubuta, Anti. To mi zan ce? Ku zo ku yi mini gaisuwa? Ana roƙon wannan?"

Na karɓi kwatancen gidan, na sa ta maimaita sau biyu.

Na kira Malam a ɗakin bincike, abin da ban taɓa yi ba. Na gaya masa na taɓa kwamfutarsa, na gaya masa sauran. Na shirya wa faɗa, amma faɗa bai zo ba. Sai ya tambaye ni kwana nawa tana sallama. Na ce sha tara. Ya ce inna lillahi, a hankali. Ya ce zai faɗa a masallaci bayan an idar da Juma'a. Ni kuma na kira Hajiya Salima, wadda ta fi kowa daɗewa a garin cikin matanmu, kuma in ta ce a fito ba mai cewa yana da aiki.

Ran Asabar da hantsi mota biyar muka kama hanyar kudu. Muka wuce gidan sau ɗaya muka dawo, don duk gidajen can suna ciki nesa da titi, kowanne da filinsa. Maza suka tsaya a ƙarƙashin wata bishiya a tsakar filin suka shimfiɗa darduma. Mu mata tara muka nufi ƙofa, Hajiya a gaba. Ta ɗaga murya ta yi sallama, kafin ta rufe baki an amsa.

Siririya ce, doguwa, da baƙin mayafi. Ƙamshin masa ya cika gidan, ga ta nan a manyan kwanuka uku a rufe, wadda za ta ishi mutum talatin. Ta ture kujerun falo jikin bango ta shimfiɗa tabarma da zannuwan gado har bakin kicin. Ta riƙa bin mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, tana gaishe mu da ladabi, idonta a bushe. Na ce mata ni ce Hafsatu. Ta riƙe hannuna da hannu biyu.

Muka zauna. Aka kai wa maza nasu, muka jiyo sun fara addu'a, muka shafa tare da su. Kowa ta yi mata gaisuwa, tana amsawa daidai, da godiya, amin, na gode. Hajiya Salima ta daɗe tana kallonta. Sai ta matsa kusa, ta dafa mata gwiwa.

"'Yata, kin yi kuka kuwa?"

Hindou ta girgiza kai.

"Ko sau ɗaya?"

"Gaban mai gidan ban yi ba, Hajiya, kar ya hau hanya da damuwa. Da ya tafi kuma na ji tsoro. In na fara ni ɗaya, wa zai ce mini in bari?"

Hajiya ta jawo kanta ta ɗora a cinyarta, ta gyara mata mayafi.

"To ga mu nan. Fara."

Ta fara a hankali, sannan ta kira Inna da ƙarfi har maza suka yi shiru a waje. Muka bar ta ta yi mai isarta, mu ma muna sharar namu. Sai da ta yi nisa sosai sannan muka soma, wannan ta ce yi haƙuri, waccan ta ce ya isa haka, Hindou, addu'a take buƙata. Ba ta bari da wuri ba, mu ma ba mu gaji da faɗa ba.